Tanderun da Bayamane ya bari

Shekarar da Yamanawa suka kwashe kayansu suka koma ƙasarsu, ina unguwar Hindawiyya a Jidda, ɗaki ɗaya ni da 'yata. Mijina ya rasu yana dako a tashar jiragen ruwa, kuma daga ni har shi ba wanda ya taɓa riƙe iƙama, takardar izinin zama. Aikin hajji muka zo, muka zauna. Yarinyar a Jidda na haife ta, a lokacin da nake magana shekararta goma sha ɗaya, in na yi mata Hausa ta mayar mini da Larabci. Ba wata takarda a duniya da ta ce tawa ce. In aka kama ni, jirgi za a sa ni, ita kuwa ta zauna nan ba uwa ba uba. Da wannan nake kwana, da shi nake tashi.

Gurasa nake yi, irin tamu ta Kano. Ban je makaranta ba, amma a kan tanderu ba macen da zan sunkuyar wa kai. Leburorin masana'antu su ne masu sayena, har aka matsa wa masu talla, a kifar maka da tire, ka gudu ka bar takalmi.

Ana cikin haka wani Balarabe ya zo ƙofarmu. Ɗan kasuwa ne, yana zuwa sarin fulawa da shinkafa, daga wani ɗan gari can kudu cikin rairayi. Ya ce mai gasa masa burodi Bayamane ne, ya tafi, sati uku garin ba a kunna tanderu ba.

"Wata biyu kawai, ya Hajja. Kina bayan bango, ni ina gaba ina sayarwa. Ba mai ganinki."

Na bar yarinyar wurin maƙwabciyata, na rufe fuska, na shiga bayan motarsa kusa da uwarsa kamar 'yar gida.

Garin, titi ɗaya ne da kwalta, ya shigo ta arewa ya fita ta kudu. Sauran duk yashi ne da ƙaya. Tumaki su ne arzikinsu, sai ɗan gero da riɗi in ruwa ya gangaro daga duwatsu, sai albashin gwamnati. Samarinsu sun tafi Jidda ko soja, an bar tsofaffi da mata. Masu kiwo 'yan Sudan ne, malaman makaranta Misirawa, gidan mai Indiyawa biyu. Shaguna kuwa da na Yamanawa ne kakaf, yanzu ƙofa bayan ƙofa kwaɗo a rataye. Tun ranar farko na gane kuskurena. A Hindawiyya mutum yana ɓacewa cikin mutane. A can, akuya ma in baƙuwa ce sai an tambayi ta wace.

Mai shagon da ya ɗauko ni ya nuna mini yadda Bayamanen yake yi, mai faɗi, siriri, ya ce kada in canza. Na yi masa haka sati biyu. Amma in faɗi gaskiya, abin bai cika mini ido ba, busasshe kamar faifai. Na fara ƙara masa kauri. Na sa ɗan sukari. Na bar ƙullin ya tashi yadda uwata ta koya mini. Layi ya ƙaru, tsohuwar gidan tana kawo mini gahawar ɓawo mai citta tana cewa tun da aka kafa garin ba su ci irinsa ba. Kaina ya kumbura.

Wata safiya ina manna ƙulli na ji layin ya yi tsit. Wata murya ta ce, "Wa ke gashi?"

Mai shagon ya ce, "'Yar'uwar mahaifiyata ce."

"Shekara shida na yi aiki a Jidda. Na san wannan. Takruniya ce a bayan bangon nan."

Haka suke kiranmu. Mai maganar babban askarin garin ne, wato shugaban 'yan sanda, ofishinsa yana bakin titin arewa. Ya matso jikin tagar da nake miƙo gurasa, ina ganin bel ɗinsa kawai.

"Ya Hajja, ina iƙamarki?"

Na ce, "Tana Jidda."

"Wurin wa?"

Gurasa biyu suka ƙone ina kallonsu.

Ya ce, "Yarana nan suke ci. Makaranta nan take saye, asibiti ma nan. Ci gaba da aikinki. Ranar da mai gashi ya zo da takardarsa, ni da ke za mu yi magana. Kafin nan kada in ga ƙafarki a titi. Halas."

Ya ɗauki guda biyar ya tafi. Kuma kullum sai ya aiko an karɓar masa.

Daga ranar kowace mota ta tsaya a ƙofar shago sai in bar ƙulli in kasa kunne. Na tambayi mai shagon ko ya nemi wani mai gashin. Ya ce in kwantar da hankalina, amma ƙasa yake kallo. Ban zarge shi da mugunta ba. Shi shagonsa yake ji, ni 'yata.

Ran wata Lahadi aka sauke kaya: dogayen ƙarafan zaro burodi, tukunyar gas, da gado mai katifa sabuwa, aka kai ɗakin da Bayamanen yake kwana. Na ce wa zai kwanta? Ya ce baƙo. Tsohuwar ce ta raɗa mini da muna tankaɗe, ta ce sabon mai gashi ne, ɗan Afganistan, Alhamis zai iso.

Talata ce ranar kasuwar tumaki, kuma filin yana bayan katangar gidan. Tun makonnin baya nake jin wani direba yana loda raguna yana zaginsu da Hausa, "Shegu, ku hau mana!" Ban taɓa yi masa magana ba don tsoro. Wannan Talatar na taka turmi na leƙa.

"Ɗan nan, daga ina?"

Ya waiga ko'ina kafin ya ɗaga kai. "Innalillahi! Inna, me ya kawo ki nan? Ni daga Gadarif ta Sudan."

Na faɗa masa a taƙaice. Ya share gumi da rawaninsa.

"Inna, in aka same ki a motata, tawa iƙamar ta tafi. Kafilina, Balaraben da ya tsaya mini, ko waya ba zai ɗaga ba. 'Ya'yana huɗu."

Ni da ban taɓa roƙon namiji ba tun da aka binne mijina, ranar na roƙe shi. Na ce tawa ɗaya ce.

Ya daɗe yana kallon tayar motarsa. Sai ya ce, "Gaba ba zai yiwu ba, za su tambaya. Sai dai cikin dabbobi. Bayan azahar, lokacin ba mai son fitowa daga inuwa."

Na gama gashin ranar tsaf, na wanke kwanuka, na rufe tanderu. Da garin ya kwanta barcin rana na fita ta ƙofar awaki, ba ƙunshi ba jaka. Motar hawa biyu ce. Ya tura ni hawan ƙasa, can ƙurya, na durƙusa, ya cika sauran wurin da raguna.

Ba mu yi minti biyar ba muka tsaya. Na ji takun takalmi a kan tsakuwa.

"Nawa ka ɗauko?"

"Sittin, ya sidi."

Aka buga jikin motar da sanda. Ragunan suka ruɗe suka danno ni, ƙaho ya tokare mini haƙarƙari. Daga hawan sama fitsari ya tsiyayo ta tsakanin katako, ya bi ƙeyata ya gangara bayana, mai zafi. Tari ya taso mini. Na cusa gefen abayata a baki na cije. Ta ramin ƙarfe ina ganin sandar tana shigowa tsakanin ƙafafun dabbobi, ta fita, ta sake shigowa kusa.

Wani daga inuwa ya yi kira, "Bar shi mana, warin ya ishe mu!"

"Yalla, wuce."

Sau biyu aka ƙara tsayar da mu kafin Jidda. Ban miƙe ƙafa ba sai da aka kira magariba, a kasuwar dabbobi ta kudancin gari. Direban ya janyo ni kamar buhu, don gwiwoyina sun ƙi. Na buɗe baki zan yi godiya ya ce, "Inna, tafi kawai, ana kallo."

Da ƙafa na ƙarasa Hindawiyya, ina bin bango, mutane suna kaucewa. Yarinyar tana ƙofar maƙwabciyata tana tsince shinkafa. Ta ɗago ta dube ni, ba ta gane ni ba sai da na ɗage mayafi. Ta yar da faranti ta rugo, ta rungume ni da fitsarin da kashin da komai, tana kuka tana cewa da Larabci, "Ummi, wari kike yi, wari kike yi," kuma ba ta sake ni ba. Maƙwabciyar ta leƙo, ta dube mu, ta koma ciki ta ɗora ruwa.