Busar da Na Koyo a Fagam

Sana'ata wankin hula. Rumfata tana jingine da bangon wani ɗaki a Birnin Kudu, inda tsofaffin sojojin yaƙin basasa suke taruwa kowace Asabar da hantsi. Mahaifina yana cikinsu. Da Allah ya karɓi ransa na baro Wurno, inda nake noma, na dawo gidansa. Ranar sadakar bakwai tsofaffin suka miƙo mini mukullin ɗakin, suka ce ɗan soja ne ya kamata ya riƙe. Tun daga ranar sunana ya koma Kurtu, alhali furfura ta riga ta fara yi mini sallama a gemu.

Mukullin nan ya hana ni sakat. Sai in kulle ƙofa, in kai bakin titi, zuciyata ta ce anya kuwa, in dawo in girgiza kwaɗon. Kuma ba wani abin ɗauka a ciki. Benci uku ne, da tabarma, da tulu, da hotunan da suka koɗe, sai wata begila ta tagulla rataye a ƙusa. Ban taɓa jin an busa ta ba. Mai busa ta haƙoransa sun zube tun da daɗewa, ya koma Fagam wajen 'ya'yansa. Ni dai duk Juma'a da yamma nakan goge ta da toka da tsamiya, in mayar da ita yadda na same ta, bakinta yana kallon gabas.

Shugabansu Baba Saje ne, dogon tsoho mai kunne ɗaya, ɗayan ƙarar igwa ta tafi da shi. Sai Baba Kofur, Kirista, mai gyaran keke, wanda ya zo garinmu bayan yaƙi ya ce zai kwana biyu, ga shi har jikoki. Sai wanda kowa yake kira Kuku, mutumin Zandam, shi ya dafa musu abinci duk tsawon yaƙin. Shekara hamsin da wani abu ba su daina yi masa tsiyar tsakuwa a wake ba. Shi kuwa sai ya ce, "Tsakuwar ce ta riƙe muku ciki, marasa godiya. Da tuni iska ta kwashe ku."

Kuku ya rasu a tsakiyar damina. Suna da al'ada, in an kai amfanin gona gida sai su yi taron shekara, a kira sunayen waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, a yi addu'a, a ci abinci. A wannan shekarar Baba Saje ya ce addu'a da abinci ba su isa ba. Ya riga ya yi wa iyalin Kuku alkawari, a gaban 'ya'yansa, cewa za a yi masa busar bankwana irin ta soja.

Baba Kofur ya ce, "Wa zai busa? Kai da kake tari in ka hau benci?"

Baba Saje ya miƙe. Ya leƙo ta taga ya kira ni. Na shigo hannuna duk kumfa.

"Kurtu, buɗe bakinka."

Na buɗe. Ya kama haɓata ya juya ni wajen haske, ya duba sama ya duba ƙasa, kamar mai sayen rago.

"Duk suna nan. Gobe ka tafi Fagam."

Na ce, "Baba, ni ko fito ban iya ba."

"Me ka ce?" Ya juyo mini mataccen kunnen. Daga baya na lura duk sanda ba ya son magana nan yake juyowa.

Kafin in tafi sai da na je wurin limamin unguwarmu, don abin ya tsaya mini a rai. Na tambaye shi ko akwai laifi. Ya tambaye ni a maƙabarta za a yi? Na ce a'a, a ƙofar ɗakin taro. Da rawa? Na ce mutanen da ƙyar suke miƙewa. Ya yi murmushi ya ce in je, amma kada ta hana ni salla a kan lokaci. Da na fito na tuna ban gaya masa begilar ta tagulla ce ba, na koma. Ya ce, "Malam, jeka Fagam."

Na naɗe ta a cikin tsohon rawanin mahaifina, na rungume ta a mota har Gwaram, daga nan na hau babur. Na tarar da tsohon a gindin wata tsamiya yana ɓarar gyaɗa. Ɗan ƙaramin mutum ne, kumatunsa sun lotsa, idanunsa kuwa kamar na mai shirin tsokana. Ya karɓi begilar ya shafa ta tun daga baki har ƙasa. Na gaya masa saƙon Baba Saje.

"Don Kuku?"

"Don shi, Baba."

Ya yi wata 'yar dariya. "To. Busa mu ji."

Na cika kumatu na hura. Abin da ya fito, wani jaki a bayan danga ya amsa masa. Matan gidan suka kwashe da dariya daga cikin gida, ni kuwa na ji kamar in nutse.

"Ba wuta kake hurawa ba, ɗan nan. Matse leɓe. Yi kamar za ka tofar da ƙwayar gero."

Sati bakwai ina zuwa Fagam, duk Talata. Ba ya iya busawa, sai dai ya rera mini da dasashinsa, yana buga sanda a gwiwata. In na yi kuskure sandar ta ɗan ƙara nauyi. Leɓena ya kumbura har shan koko ya zama aiki. Matata ta ce, "Wai kai da mutanen da rabinsu ba sa ji, me ya kai ka kashe kanka?" Na ce rabin da ke ji fa?

A gari ban yarda kowa ya ji ni ba. Bayan la'asar nake shiga cikin duwatsun bayan gari, in sami wani lungu in yi ta yi. Awaki ne kaɗai 'yan kallona, su ma a satin farko watsewa suke yi. A sati na huɗu suka daina ɗaga kai, na ɗauki wannan a matsayin ci gaba.

Abu ɗaya ya dame ni. Busar tana da sauri, tana tsalle-tsalle kamar ɗan maraƙi. Ni kuwa na taɓa jin ta bankwana a rediyo, kuma a tunanina a hankali take tafiya, tana ja. Sau uku ina shirya tambayar a kan babur, in na iso in haɗiye. A na huɗu na daure.

"Baba, anya ba ta yi sauri ba? Ta rediyo kamar..."

"Rediyo ya je yaƙi?"

"A'a, Baba."

"Kai ka je?"

"Ban je ba."

"To busa."

Ranar taron na riga kowa zuwa. Na share ƙofar ɗakin sau biyu, na jera benci, na riga na wanke hulunan sojansu tun ana saura kwana biyu na ɗora su a kututture suka bushe tsaf. Su tara suka rage a lokacin. Suka zo ɗaya bayan ɗaya, wani da sanda, wani jika ya goyo a babur, kowa ya maƙala lambobinsa a kan riga. An ɗauko tsohon Fagam a mota, aka zaunar da shi a kujera a gaba. Iyalin Kuku sun zo daga Zandam tun da sassafe. Matarsa, wadda muke kira Inna, ta kafa tukunya a bayan ɗakin da 'ya'yanta mata, ta ce ba wanda zai dafa abincin wannan rana sai ita. Maƙwabta suka taru, har masu shaguna suka rufe suka matso.

Baba Saje ya kira sunaye. Da ya zo kan na mahaifina sai da na dafa bango. Na Kuku ne na ƙarshe. Liman ya yi addu'a muka shafa, Baba Kofur ya cire hula ya sunkuyar da kai ya yi tasa. Sannan Baba Saje ya daka tsawa da muryar da ban san yana da sauranta ba, tsofaffin nan suka ƙame, har masu sanda. Ya dube ni ya ɗaga gira.

Na ɗaga begilar. Na yi bisimilla a zuci, na matse leɓe, na tofar da ƙwayar geron.

Ta fito. Wallahi ta fito tas, ta bugi bangon masallaci ta dawo. Na rufe ido na bi ta har ƙarshe, ina jin sandar tsohon a gwiwata ko da yake ba ta nan. Da na sauke begilar na buɗe ido, sai na ga abin da na yi sati bakwai ina tsoro. Ba wanda ya motsa. Bakin Baba Kofur a buɗe. Baba Saje ya juyo lafiyayyen kunnen gaba ɗaya wajena, fuskarsa a murtuke.

Na ce a raina shi ke nan, na kunyata su a gaban iyalin mamaci, na kunyata ubana.

Baba Saje ya ce, "Kurtu. Wa ya koya maka wannan?"

Na juya. Na nuna kujerar tsohon Fagam da begilar.

Sai na ji wani sauti kamar tayar keke tana sacewa. Baba Kofur ne. Ya riƙe ciki, ya durƙushe a kan benci, hawaye yana bin kumatunsa. "Kiran abinci!" ya ce. "Saje, kiran abinci ya busa mana!"

Wurin ya ɓarke. Tsofaffin da suka ƙame ɗazu suka riƙa dafa juna. Wani ya yar da sandarsa. Mutanen gari ba su san dalili ba, amma dariyar ta kama su su ma. Ni kaɗai nake tsaye, gumi yana bin bayana.

Baba Saje ya taka har gaban tsohon Fagam. "Kai, tsohon banza. Na aiko maka yaro ka koya masa ta bankwana."

"Na ji saƙonka."

"To?"

Tsohon ya gyara zama. Da ya fara magana dariyar ta lafa.

"Waccan na busa ta a kan yara da yawa, Saje, kana wurin. Na bar ta can. Shi kuma Kuku, bara da ya zo duba ni, cewa ya yi in ya riga ni kada in bari a yi masa ta kuka. Ya ce shekara uku, duk sanda kuka ji wannan kun san yana raye kuma wuta ta kama. Da gudu kuke zuwa, har da kai, kwano a hannu. Ya ce ita yake so."

Baba Saje ya ƙura masa ido. Gemunsa ya ɗan motsa. Na zaci faɗa zai yi. Sai muka ji muryar Inna daga bayan ɗaki, ta leƙo da ludayi a hannu, tana goge ido da gefen mayafi.

"To ai an kira ku. Ko sai ya huce?"

Baba Saje ya juya ya dubi mutanensa. "Kun ji. A yi layi!"

Suka yi layi kuwa, su tara, kowa da kwanonsa, suna ture juna da kafaɗa kamar ba su ne masu ciwon baya ba. Shinkafa da wake ce, da mai da yaji, yadda Kuku yake yi musu. Baba Kofur ya kai loma ɗaya, ya tsaya, ya tauna a hankali, ya ɓata fuska.

"Inna, wannan ba girkin mijinki ba ne. Ina tsakuwar?"

"Na tsince, don na ga ba ku da haƙoran."

"Ai kin ɓata shi. Ba daɗi sam." Ya miƙa kwano a ƙara masa.

Suka ci suna ba da labarinsa. Yadda ya taɓa dafa musu shayi a hular kwano. Yadda ya bi wata akuya har cikin ramin da ba a san na wane ɓangare ba ne, ya dawo da ita a kafaɗa yana zagin kowa. Wani ya ce mahaifina ne kullum na farko a layi, har Kuku ya sa masa doka sai ya zagaya tanti sau ɗaya kafin a zuba masa. Ban taɓa jin wannan ba. A gida mahaifina mutum ne mai shiru, ba ya fara cin abinci sai kowa ya samu. Na zauna a ƙarshen benci da kwanona ina dariya, ina kuma share ido.

Tsohon Fagam ya yafito ni. Inna ta dama masa nasa ya yi laushi, yana sha da cokali.

"Ka yi fushi da ni, ɗan nan?"

Na ce, "Baba, da ka gaya mini."

"Da na gaya maka, da ka je ka tambayi liman, ka tambayi Saje, ka tambayi matarka, ka dawo ka sake tambayar liman."

Ban musa ba.

Da aka watse ina tattara kwanuka, Baba Saje ya tsaya a bakin ƙofa. Ya ce daga yau haka za a riƙa yi duk shekara, bayan addu'a a busa wannan, kuma kada in mayar da begilar ƙusa, in tafi da ita gida in riƙa motsa leɓe. Na ce to. Har ya juya, sai ya waiwayo.

"Amma ka yi kuskure wuri biyu, Kurtu. Baɗi ka gyara."

"Ina da ina, Baba?"

Ya juyo mini mataccen kunnen ya tafi.

Shekara huɗu ke nan ina busawa. Sun rage su shida, tsohon Fagam yana cikin waɗanda ake kiran sunansu yanzu, kuma duk shekara layin yana tashi da gardamar wa ya riga wa. Na tambayi Baba Kofur wuraren nan biyu, ya rantse shi bai ji kuskure ko ɗaya ba. Na tambayi sauran, kowa ya ce daidai take. Duk da haka, in kaka ta gabato, bayan la'asar nakan ɗauki begilar in shiga cikin duwatsu, in bi ta a hankali daga farko har ƙarshe, ko Allah zai sa in gano su.