Bututun da ke ƙarƙashin albasar Inna

Shekarun baya kaɗan na taɓa yin aikin duba bututun ruwa a Aliero. Ba don na ƙware aka ɗauke ni ba, don ni mace ce kawai. Maza ba sa shiga gidajen mutane, su tsaya a zaure, ni in shiga. Kayan aikina maganaɗisu da tsohon makulli. In maganaɗisu ya manne, ƙarfe ne. In bai manne ba sai in kankare da makulli, ja ya fito tagulla, ya yi laushi yana ƙyalli dalma, roba kuwa ido ma ya isa. An ce mana gidan da aka samu tsohon ƙarfe za a canza masa kyauta, mai roba a wuce shi.

Wata rana na gaji tilis, ƙafafuna har sun kumbura, muka zo gidan wata tsohuwa da kowa ke kira Inna. Na ga bututun famfonta fari sol, na ce roba ne, na juya zan fita. Ta riƙe mini gefen hijabi.

"Ɗiyata, tsaya. Hwarin ga ɗana ya sa shi bara. Na ƙasa tun na marigayi mijina na. Ruwan ga ja shi ka zowa, jikokina shi su ka sha."

Na fita na gaya wa abokin aikina. Ya share gumi ya ce mu abin da ido ya gani muke faɗa, in tana so a yarda sai a tona. Na koma na tambaye ta inda bututun ya bi, ta nuna mini. Daidai ƙarƙashin rumfar da ta jibge albasarta ta shekara, wadda take jira ta yi tsada. Duk ɗan Aliero ya san albasar ajiya ba ta son jagwalgwalo, in ta ƙuje ruɓa take. Na faɗa mata haka, kuma gaskiya ina fatan ta haƙura in samu in tafi gida.

Sai ta ce, "Kwashe mu kai."

Ni da ita da surukarta muka kwashe, kwando bayan kwando, ina hawaye ina cewa yajin albasa ne. Rabin hawayen dai albasar ce, rabi ciwon bayana. Muka tona da fartanya har muka kai. Ga bututu nan tsatsa ta cinye shi, na ɗora maganaɗisu ya manne ƙam. Inna ta yi hamdala kamar an ce mata gobe za a zo.

Ba a zo ba. Aikin canjin ya fara daga bakin titi, ya tsaya kafin ya shiga lungunsu, aka ce sai wani zagaye. Ni ma aka sallame ni, na koma garinmu Jega.

Bayan damina na je biki Aliero, kunya ta sa na biya in gaishe ta. Surukarta ta raɗa mini cewa albasar da yawa ta ruɓe. Inna ba ta ko ɗaga zancen ba, sai ta ja hannuna zuwa gefen rumfa. Ramin yana nan, ta rufe shi da tsohon kwano ta danne da dutse don yara.

"Ban cike shi ba," in ji ta. "In sun zo kar su wahala da tono."

Daga baya ɗanta ne ya canza bututun da kansa. Abin ya wuce, amma har yau yana raina. Na koyi gane ƙarfe da roba cikin kwana ɗaya, abin da ban koya ba shi ne yadda ake gaya wa tsohuwa cewa babu mai zuwa. Ban gaya mata ba. Na ce mata Allah ya kawo su, ta ce amin.