Katantanwar da Baba ya haƙo a rijiya

Shekara biyu da ba mu jiha aka kawo kwamfuta ofishinmu a Gusau, aka ce duk mai buga tafireta sai ya koyi sabon abin. Ni ce mai buga takardun sashenmu, don haka aka tura ni wani shago kusa da kasuwa inda ake koyarwa bayan an tashi aiki. Malamin wani siriri ne mai tabarau. Karatun duwatsu ya yi a jami'a, aiki bai samu ba, sai ya buɗe shagon da kwamfuta uku.

Buga haruffa bai ba ni wuya ba. Linzamin ne ya gagare ni, ɗan abin nan da ake turawa a kan tebur kibiya ta motsa a allo. In na nufi gabas sai ta yi yamma. Da malamin ya gaji da ni, sai ya sa mini wani faifan wasan yara, ya ce in yi ta yi har hannuna ya faɗa.

A wasan, ana nuna maka gefen tsauni, ka ɗauki burushi da linzami kana share ƙasa har ƙasusuwa su bayyana. Sai ka jawo kowane ka haɗa shi da ɗan'uwansa. In ka haɗa daidai, allon ya cika da ruwa, dabbar ta yi tsoka ta kama iyo, wata murya tana bayani da Turanci. Halittun teku ne na zamanin da ba a yi mutum ba. Na haɗa wani kifi mai kai kamar sulke, na haɗa wata mai dogon wuya da ƙafafu huɗu irin na kunkurun ruwa. A rana ta uku na share ƙasa, sai ga wani abu a naɗe kamar gammo, da layi-layi a jikinsa. Na saki linzamin.

Na san abin nan. Yana cikin adakar mahaifina a Bunguɗu, ƙunshe a tsumma.

Baba mahaƙin rijiya ne. Tun ina ƙarama sukan tafi cin rani can yammacin ƙasar Sakkwato shi da ƙanensa, su yi ta haƙa har damina ta kawo kai. A wata rijiya, sun yi nisa ƙasa, dagi ya fasa wani farin dutse, wannan abu ya faɗo. Baba ya sa a aljihu. Kwana shida bayan nan zazzaɓi ya kama ƙanen, bai tashi ba. Wani tsoho a garin ya ce wa Baba kayan mutanen ɓoye ya ɗauko. Daga ranar bai sake shiga rijiya ba, ya koma noma. Jefar da dutsen ya ji tsoro, mayar da shi kuma ba hali, don an riga an ɗaure rijiyar ta cika da ruwa. Mu yara an hana mu ko taɓa adakar, sau ɗaya na leƙa na sha duka.

Na tambayi malamin ko ana samun irin wannan a ƙasarmu. Ya ce sosai ma, yammacin Sakkwato duk teku ne a da, su da kansu sun tsinto irinsa lokacin karatu.

Ranar Asabar na shiga mota zuwa Bunguɗu. Na sami Baba a zaure yana gyaran igiya, na gaishe shi, na daɗe ina kewaye-kewaye kafin na faɗa masa.

"Wa ya ce ki yi zancen wanga abu?" in ji shi, bai ɗago ba.

"Ba kowa, Baba. Na gan shi ne da idona, har yana motsi."

"A cikin akwatin Nasara."

"I, Baba. Ka zo ka gani. In ba shi ba ne, ba zan ƙara tayar da maganar ba."

Ya ci gaba da gyaran igiyarsa. Inna ce ta leƙo daga cikin gida ta ce, "Malam, ka tafi. Shekara ashirin kana kwana da shi a ɗaki, mi zai ƙaru don ka kai shi Gusau?"

Ranar Litinin da la'asar sai ga shi a ƙofar shagon a bayan kabu-kabu, da babbar rigarsa ta Juma'a, hannunsa ɗaya a cikin aljihu. Malamin ya ba shi kujera, na zauna gefensa na kunna wasan. Ban san abin da zan yi ba in ya ce ba shi ba ne, ko kuma abin ya ƙara firgita shi.

Na share ƙasar a hankali har naɗin ya fito. Baba ya matso da fuskarsa dab da allon. Sannan ya zaro tsumman, ya kwance, ya ɗora dutsen a tebur. Ya dubi wannan, ya dubi wancan, yana bin layukan da farce. Na danna, ruwa ya cika allon, wasu hannuwa masu laushi suka fito daga bakin kwanson, abin ya kama tafiya da baya da baya.

"Mai rai ne ashe," in ji Baba.

"Da can, Baba," in ji malamin. "Ya mutu, laka ta rufe shi, da daɗewa ya zama dutse. Akwai su da yawa a ƙarƙashin ƙasar can." Ya jawo aljihun tebur ya fito da nasa guda biyu, ɗaya ma a kansa yake kashe sandar hayaƙin sauro.

Baba ya karɓa ya jujjuya. "Kai ka ɗauko su da hannunka?"

"Da hannuna."

"Ba abin da ya same ka?"

"Sai rashin aiki, Baba."

Baba ya yi dariya, irin wadda na manta yana da ita, har ya share ido da hannun riga. Can ya ce a hankali, "Katantanwa ce. Kwanan ƙanena ne ya ƙare, ke nan. Allah ya jiƙan shi." Muka ce amin.

Na zaci zai tashi, sai ya ce in ba shi abin turawar. Hannunsa ya fi nawa tsayuwa nesa ba kusa ba. Ya share ƙasa ya fito da haƙarƙarin mai dogon wuyan nan, yana mita wai wanda ya tsara wasan bai taɓa haƙa ba, ba a fara rami daga gefe. Sai da aka ɗauke wuta ya miƙe.

Na raka shi tasha. Muna jiran mota ta cika ya sayi gyaɗa ya ba ni rabi, ya shiga ba ni labarin ƙanensa, yadda yake waƙa a cikin rami don a san yana lafiya, da yadda ya taɓa faɗawa kan jakin mai gari. Ban taɓa jin ya ambace shi haka ba.

Da na je gida mako na gaba, Inna ta ce washegarin dawowarsa ya ɗaure buhun gero a keke ya tafi Furfuri, wurin matar marigayin. Sai ranar na san cewa tun rasuwar aike kawai yake yi mata, bai iya haɗa ido da ita. Inna ta ce a can ya wuni, ya dawo da kaza biyu da ta ba shi, yana faɗan an cika masa ciki da fura.