Harka Direban Katafila, Wanda Ya Ƙi Raba Aure

A da, kowace safiya, kafin Harka Ale ya tayar da katafila, sai ya dangwala mata jan gari a goshi kamar yadda muke yi wa 'ya'yanmu ranar biki, sannan ya gangara rumfar Ama Sukmaya ya sha shayi. A watan nan zai ajiye aiki, ƙura ta cinye masa ido. Babu wanda zai rataya masa furanni, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Tun da gwamnati ta ciwo bashin faɗaɗa babbar hanyar Kathmandu muke shan jawabi. An yanka zare, an yi tafi, aka farke gefen hanya aka bar mana. Yau a ce kuɗi sun iso, gobe a ce masu ba da bashi sun riƙe sai an cika sharaɗi. Da rani ƙura, da damina taɓo har gwiwa. Kai, abin da ban haushi!

Rumfar Sukmaya tana ƙarƙashin bishiyoyi biyu dangin ceɗiya, ɗaya muna kiranta bar, ɗaya pipal. Ita da marigayi mijinta ba su haihu ba, sai suka dasa su, suka ɗaura musu aure da kiɗa da walima kamar yadda aka saba. Pipal ce 'yarta, bar surukinta. To, masu awo suka zo, jan fentinsu ya ratsa daidai tsakanin mata da miji.

Kwamiti ya zauna, ya fito da hikima: a sare pipal, a ba tsohuwa sabbin tsirrai, wai haka yarjejeniyar bashin ta tanada.

"A kashe mini 'ya, a biya ni da jarirai?" in ji Sukmaya. "Shi kuma surukina ya zauna gwauro yana kallon tireloli?"

Shugaban aiki ya dubi Harka. "Yaya, hau ka ture mana ita mu wuce."

"Ni ban taɓa raba aure ba, ranka ya daɗe," in ji Harka. "Nawa ma da ƙyar nake riƙe da shi."

Aka yi dariya, shugaba bai yi ba. Ya ce ya ba shi zuwa ƙarshen wata. Sai ga shi kafin wata ya mutu kuɗi sun sake tsayawa, kamfani ya watse, aka bar Harka yana gadin katafila. Wannan ne karo ɗaya tak da jinkirinsu ya amfane mu.

Muna kallo ya sassabe rassan bishiyoyin biyu, ya yi ta zagaye saiwoyi da rami, yau kaɗan gobe kaɗan. Ya naɗe su da buhuna, direbobin manyan motoci suka tsiyaya masa mai. Ranar da ruwa ya zauna sosai, ya ɗauke su da katafila, amarya a gaba ango a baya, ya dasa su kan tudu kafaɗa da kafaɗa. Da kamfani ya dawo, aka sauke shi daga katafila aka ba shi tutar tsayar da motoci.

Bishiyoyin kuwa suka zubar da ganye, suka tsaya tsirara. 'Yan gari suka samu abin yi: "Harka, yaushe za a raba itacen girkin?" Sukmaya ta daina kallon tudu. Shi kuma bai fasa hawa da jarkar ruwa ba, ko da yake yana tsoron ya kashe wa tsohuwa biyu maimakon ɗaya.

Wata safiya ya sauko da gudu. "Ama, 'yarki ta yi toho!"

Ta ajiye buta. "Mijin fa, babu?"

"Kin san halin maza, sai an yi ta tashinsu."

Bai kai mako ba shi ma ya farka.

Harka, kai ne ka ga mata da miji inda masu awo suka ga katako. Kai ne ka rasa kujerarka don kada tsohuwa ta yi makoki sau biyu. Mun gode. Ku kuma masu riƙe da manyan injuna, ku riƙa tambaya kafin ku ture abu, don wataƙila 'yar wani ce.

Hanya dai har yau ba a gama ba, bashin kuma an ce jikokinmu za su biya. To, aƙalla Harka ya bar musu inuwar da za su zauna su jira ta.