Hagu ko Dama, Baba?

Shekara arba'in da ɗaya Maharbi ya yi yana shiga daji, kuma a duk tsawon shekarun nan babu wanda ya taɓa tambayarsa inda yake zuwa ya sami amsar da za ta kai shi ko'ina.

Ainihin sana'arsa gyaran keke ce. Shagonsa na bakin titi, taku shida a tsawo, huɗu a faɗi, da benci guda a waje wanda ke ɗaukar mutum biyar idan babu mai ƙiba a cikinsu. Kwana biyar a mako yana nan, a tsugune gaban kwanon ruwa yana neman inda iska ke fita daga taya. Sauran kwana biyun sai ya garƙame shago, ya naɗe bindiga cikin tsohon buhu, ya ɗaure a jikin keke, su fice shi da abokinsa Gajere. Kusan fita ɗari ke nan a shekara. In aka cire ranakun zazzaɓi da na zaman makoki, lissafin ya tasam ma dubu huɗu. Shi ya sa ba wanda ya taɓa kiran sa mai gyaran keke. Kwana biyun nan sun cinye biyar ɗin.

A bencin nan ake yi masa tambayoyi, kuma tambayoyin ba sa tsufa.

"Maharbi, wai ina kuke zuwa ne?" in ji telan da ke shagon kusa.

"Can gaba."

"Gaban ina?"

"Gaban inda ƙafarka za ta gaji."

Mai shayi kuwa kullum abin da aka samo ne ya dame shi. "Jiya fa me aka kawo?"

"Ƙaya biyu a ƙafa, da yunwa. In kana so in sam maka ɗaya."

Malamin makarantar da ke kawo kekensa duk bayan mako biyu shi ne mai tambaya mai nauyi. Sai ya gyara tabarau tukuna. "Amma tsakani da Allah, ba ka jin tausayinsu?"

"Ina ji mana, Malam. Ba ka ga fita huɗu nake yi, uku in dawo hannu rabbana ba?"

A yi dariya a tashi. Wanda ya nace, ya ce shi dai a faɗa masa hanya, Maharbi ba ya musu da shi. Sai ya rage murya kamar mai ba da amana, ya ce, "In ka kai mararrabar bayan gidan mai, ka yi hagu." Mutum bakwai aka sani sun bi wannan hagun. Dukkansu a wurin fasa dutse suka tsinci kansu, suka dawo gashin ido fari fat.

Ba rowa ba ce, ko da yake haka ake kiran ta. Tun suna samari akwai wani tafki da suke zuwa, sai Gajere ya faɗa wa surukinsa. Cikin shekara biyu ko sawun zomo ba ka gani a wurin, sai kwalabe da tokar wuta. Da suka sami wani sabon wuri, Gajere da kansa ya kafa doka: bakin mutum ɗaya, ƙafar mutum talatin. Wanda ba ya farauta a ba shi dariya, kada a ba shi hanya.

Dokar nan ba ta tsaya a ƙofar shago ba, har cikin gida ta bi shi. 'Ya'yansa huɗu. Maza ukun ba su taɓa damuwa da daji ba, ƙwallo ce gabansu. Autar ce, mace, take tsayawa a bakin ƙofa tana kallon yadda yake ɗaure buhu. Tun tana shekara shida take tambaya. "Baba, ina za ka?" Can gaba. "Baba, barewa tana ganin ka?" Tana gani, har gaisawa muke yi. Abin da yake ba tela da mai shayi shi yake ba ta, ba ƙari. Tana shekara tara ta daina tambaya. Ya lura, domin mutumin da ke lura da karyewar ciyawa ba zai kasa lura da shirun 'yarsa ba. Amma ya ɗauka girma ne.

Shekara biyu da suka wuce Gajere ya rasu. Bayan wata goma Maharbi ya hau keke ya daki baro da aka ajiye a gefen titi, da rana tsaka. Auta, wadda yanzu ma'aikaciyar jinya ce, ta kai shi wurin likitan ido. Likita bai yi kwana-kwana ba: na dama ya riga ya tafi, jijiyar ta mutu. Na hagu yana bin sa. Aka yi ta ɗiga magani, har zuwa ranar da likita ya ce saura wata shida, in an yi sa'a.

'Ya'yansa maza suka sa wa keken sarƙa da kwaɗo. Bindiga ta shiga akwati. Maharbi ya koma zaman benci, yana taɓa tayoyin mutane da hannu yana gaya wa wanda ya karɓi shagon inda ƙusa ta shiga. Abu ɗaya kawai yake so: ya sake ganin wurin nan sau ɗaya kafin idon ya rufe. Ba harbi ba. Gani. Kilomita ashirin da bakwai ne daga ƙofar gidansa, kuma a duk duniya mutum ɗaya ya rage da ya san hanyar, shi ne wanda ba ya iya bin ta.

Ya auna kowa. Babban ɗansa zai gayyato abokai su yi ta ɗaukar hoto. In ya ɗauki mai babur na haya, kafin yamma duk tasha ta ji. Saura Auta, mai ƙaramar mota, wadda ba ta aiki ranar Alhamis. Kwana goma sha ɗaya ya yi yana juya maganar a baki, sai a na goma sha biyu ta fito, lokacin da yake kwance a kan tabarma tana ɗiga masa magani.

"Auta, motar nan taki tana shiga hanyar da ba kwalta?"

"Ya danganta da wanda ke ciki. Buɗe idon, Baba, kana ɓata min magani."

"Ranar Alhamis za ki kai ni wani wuri."

"Ina?"

"Can gaba."

Ta rufe kwalbar a hankali. "To. Man da zan sa fa, na can gaba ne ko na can gaba sosai?"

"Ki cika tanki. Kuma ban da turare, ban da sabulun asibitin nan naki mai hawa kai. Kaya masu duhu. Waya a kashe."

"Tambaya fa, in zo da ita?"

"Ki bar ta a gida."

Ranar Alhamis suka fita da ƙarfe biyu na rana. Maharbi na gaba, hannunsa cikin aljihu yana riƙe da 'yar kwalbar toka da ta yi shekara ashirin tana bin sa daji. Gari yana wucewa ta tagar kamar an shafa masa mai, babu gefe babu baki. Ya gane gidan mai da wari. Sai motar ta rage gudu.

"Hagu ko dama, Baba?"

"Hagu."

Shi kansa sai da ya ji kalmar a kunnensa sannan ya san ya faɗe ta. Harshen da ya yi shekara arba'in yana faɗar abu ɗaya bai jira izini ba. Auta ta kunna sigina ta yi hagu.

Yanzu zan gyara, ya ce a ransa. A kwanar gaba. Kwana ta zo ta wuce. To wane baki zai buɗe? Ya ce ya manta, ta ɗauka har kan ma ya fara taɓuwa? Ya ce ƙarya ya yi mata, a cikin motarta, da man da ta saya? Can ƙasan zuciyarsa kuma ga Gajere zaune yana girgiza kai: bakin mutum ɗaya. Ya ƙirga ramukan da taya ta faɗa, goma sha huɗu. Minti goma sha ɗaya suka yi a haka, har ya fara jiyo ƙarar injin fasa dutse daga nesa.

"Tsaya."

"Ai ba mu kai ba, Baba. Wurin fasa dutsen yana gaba kaɗan."

Ya juyo da idon da ya rage. Fuskarta ba ta fito masa sosai ba, sai hannuwanta biyu a kan sitiyari. Ta gangara gefe ta kashe mota.

"Ina shekara tara," ta ce, "lokacin ba a sa wa hanyar nan kwalta ba. Tayar bayan kekenka ta tsage ka ɗinke ta da waya, kowane juyi sai ta bar alama a ƙasa kamar ƙafar kaza. Wata rana an yi ruwa da safe. Na bi ta da ƙafa, babu takalmi, har mararraba. Dama ta yi. Na ji tsoro na koma gida. Da ka dawo na ce, Baba, a mararraba ina kake bi? Ka shafa kaina ka ce hagu."

Maharbi ya yi lissafin ba tare da ya so ba. Kilomita uku zuwa, uku dawowa. Shekara ashirin da shida.

"To tun da kin sani, me ya hana ki yin dama yau?"

"Ba ka ce ba."

Injin dutse yana ta ƙara. Ya ciro hannu daga aljihu ya ɗora a gwiwa.

"Dama ce, Auta."

Da wannan ta fito sai sauran suka biyo kamar an fasa madatsa. Dama, a miƙe kilomita goma sha tara. A bar titi a wurin bishiyar da tsawa ta raba biyu. Kilomita biyar cikin burji, a haye busasshen rafi ta inda duwatsu suke, ba ta yashi ba. A ajiye abin hawa, a yi taku dubu da ɗari biyu. Ya faɗi har abin da ba ta da bukatar sani, har inda Gajere ya taɓa zamewa ya yaga wando.

"A hankali, Baba," ta ce tana juya mota. "Shekara ashirin da shida ba sa shiga kunne ɗaya."

Rana ta yi sanyi lokacin da suka ajiye motar. Ya dafa kafaɗarta, amma ƙafarsa ce ke jan su, domin ita ba ta manta ko dutse ɗaya ba. A taku na ɗari tara ya tsaya ya buɗe kwalba, ya zuba toka kaɗan a iska yadda ya saba. Amma bai ga inda ta bi ba.

"Ina ta yi?" ya tambaya a hankali.

"Ta dawo mana. Wajen kafaɗarka ta hagu."

"Madalla. Iska daga wurinsu take zuwa, ba za su ji warinmu ba. Mu je."

Wurin ba wani abin a zo a gani ba ne. Ɗan ruwa ne a gindin dutse, faɗinsa bai fi ɗaki uku ba, ga ciyawa da 'yan bishiyoyi. Bayan wani faffaɗan dutse akwai wurin zama biyu da suka yi santsi. Ya zauna a nasa. Ta tsaya tana duban ɗayan.

"Na Gajere ne. Zauna."

Ruwan dai haske ne kawai a idonsa, kamar faranti a rana. Suka yi minti arba'in ba wanda ya motsa. Sai ya ji ta ɗauke numfashi.

"Me kike gani?"

Ta kawo baki kusa da kunnensa. "Ƙaya biyu da yunwa."

Dariya ta taso masa, ya danne ta har kafaɗunsa na rawa.

"Barewa uku," ta raɗa. "A'a, huɗu. Akwai ƙarama a baya."

"Babbar ba ta sha ba tukuna. Ta ɗaga kai tana kallon yamma."

"Yaya aka yi ka sani?"

Tsohuwar amsa ta zo har bakinsa, wadda yake ba tela. Ya haɗiye ta. "Uwa ce. Ba ta sha sai kowa ya sha. Kuma ta yamma ciyawa ta fi tsayi, in akwai abin tsoro ta nan zai fito. Dubi kunnenta. In ya kwanta, to ta yarda da wurin."

"Ya kwanta."

Ya ware idon hagu iya ƙarfinsa har hawaye ya taru. Wasu abubuwa masu launin ƙasa-ƙasa ne ke motsi a bakin hasken, ba ƙafa ba ƙaho. Sai ɗaya ta juya baya ta kaɗa wutsiya, farin da ke ƙarƙashinta ya ƙyalla sau ɗaya, sau biyu. Wannan kam ya gani, sarai.

Ba su tashi ba sai da dabbobin suka tafi don kansu. A hanyar komawa mota ta yi masa tambaya goma sha bakwai, ya ƙirga, kuma ya amsa kowacce yadda take. A tsakanin amsoshin yana wani lissafin daban. Wata shidan likita Alhamis ashirin da shida ne. Biyu sun riga sun wuce yana juya magana a baki. Ko da za ta kawo shi duk sauran, ba za su kai yawan shekarun da ya yi yana ɓoye mata hanya ba.

Da suka isa mota ya miƙa mata kwalbar tokar.

"Riƙe. Ni ba na ganin ta."

Ta sa a aljihu.

"Auta, Alhamis mai zuwa kina aiki?"

"A'a, Baba."

"To mu fito da wuri. Akwai sawu a bakin rafin nan da nake so ki duba min."