Kawuna da Gobarar Mangaza

Ko yau in shinkafa ta kama a tukunya, ƙaurinta yakan maida ni gidanmu na Malanville, shekarar da hatsi ya yi wuya.

Kawuna, wan innata, mushe ne, wato malamin makaranta, a lakwal ɗin Guéné. Ya yi karatu a kudu, ya dawo da gemu da zafin kai. Shi ya koya mani baƙi da wasali, yana zana su a ƙasa da tsinke. Duk la'asar samari suna taruwa wurinsa ƙarƙashin darbejiyar gidanmu, suna kiran juna kamarad. Yakan ce masu ɓoye abinci su ne ke shan jinin talaka, kuma ba su jin magana sai wuta. Na ɗauka zance ne kawai.

Da damina ta kama, yunwa ta tsananta, sai mutanensa suka cinna wa mangazar da wani babban ɗan kasuwa ke tara hatsi wuta kusa da gada. Da rana tsaka ne, jama'a na masallacin Juma'a. Ba su san mai gadin yana ciki ba. Tsohon masunci ne daga Madécali, zazzaɓi ya kwantar da shi bisa buhuna. Can wutar ta cinye shi. Garin ya daɗe yana ƙaurin ƙonanniyar shinkafa.

Jandarma suka zo suka tafi da kawu. Kakata ba ta yi kuka ba. Ta tuƙa tuwo, ta ɗauka a kai, muka zaci kaso, wato gidan yari, za ta kai wa ɗanta. Gidan matar mai gadin ta nufa. Haka ta riƙa yi har ƙafafunta suka gaza.

Da aka sako shi, gemun ya yi fari. Ya durƙusa gabanta ya ce, "Inna, abin da na faɗa a kan masu ɓoye hatsi gaskiya ne."

Ta ce, "Na sani. Amma gaskiyar taka ta ci mutum. Tashi ka je ka gai da matarsa."

Ya je. Bai ƙara tara kowa ba har ya rasu.

Yanzu labarinsa ya fi shi girma. Kwanan baya wani ɗan kabu-kabu ya ɗauko ni daga kasuwa, da ya ji gidan da na fito sai ya shiga yabo: wai kawuna namiji ne, shi kaɗai ya tsaya wa talaka, da yana raye da farashi bai kai haka ba. Na ce masa, "Mai gadin ma talaka ne."

Ya waiwayo ya ce, "Wane mai gadi, baba?"

Na sa ya tsaya gefen hanya, na ba shi labarin tun daga farko. Ina son kawuna, ba na jin kunyar faɗa. Amma muddin ina numfashi, ba wanda zai ambace shi gabana ya tsallake tsohon nan.