Gonar Shee a Cikin Teku

Duk wanda ya san bakin ruwan Bamburi a Mombasa ya san Shee Bwanaheri, Allah ya jiƙansa. Siriri ne mai sanyin murya, kullum da takalman roba manya da ƙanana rataye a wuyansa kamar mai tallarsu. Rakiyar baƙi ce sana'arsa. In teku ta janye da hantsi, sai ya shige gaba su bi shi har can wajen duwatsun murjani, ya nuna musu abin da Allah ya ajiye a cikin kududdufai. Wurin nan yake kira gonarsa.

Ba a taka ruwa sai ya yi gargaɗinsa. "Ku sa takalmi, akwai ƙaya a ƙasa. In kun ga na juyo ku juyo, teku ba ta jiran mai ɗaukar hoto. Kuma kome kyan abu a bar shi inda aka same shi. Da ido ake ci a nan, ba da hannu ba." Daga nan ya gaya musu inda ake dafa shinkafar pilau mai daɗi, da yadda ake suturta jiki in za a shiga tsohon gari.

Bi Mwanaisha, mai sayar da ɗanyar kwakwa a gindin bishiya, ba ta raga masa. "Kai Shee, rakiya kake ko wa'azi? Bar bayin Allah su jiƙa maƙoshi mana!"

"Haba Yaya, ni fa nake dawo miki da su da ƙishirwa. Ba don ni ba, da ke za ki shanye kayanki."

Sai wata shekara ruwan teku ya ɗau zafi, zafin ya ƙi sauka. Murjani ya yi fari fat kamar ƙashi. Ƙananan kifaye suka ƙaura, jan tauraron ruwa, halittar nan mai siffar tauraro da baƙi suka fi so, ya ɓace. Sauran masu rakiya suka samo dabara: su karɓi taurari a wajen masunta masu zuwa can ciki, su zuba a kududdufai kafin baƙi su fito.

Karisa, abokin aikinsa, ya ce, "Dattijo, baƙo ba tarihi ya zo ji ba, tauraro ya zo gani. Karɓi ɗaya."

"Ni ba na shuka ƙarya a gonata."

Ya ci gaba da kai mutane, yana nuna fararen duwatsu yana cewa da can a nan akwai kaza da kaza. To, "da can" ba ya fita a hoto. Baƙi suka koma bin Karisa, takalman Shee suka bushe a wuyansa.

Ranar da ya gaji, ya je ya miƙa wa Karisa bokiti, ya karɓi tauraro ɗaya. Ya kai tauraron kududdufin da ya fi ƙauna, ya kwantar da shi a hankali. Amma baƙinsa suka daɗe wajen karin kumallo. Kafin su iso rana ta take, ruwan kududdufin ya yi zafi kamar na shayi. Shee ya duƙa, ya ga jan nan ya koɗe. Ya sa hannu ya ɗago shi, shi da bai taɓa ɗaga ko ƙwanso ba. Ba motsi. Baƙin kuwa murna suke, suna ta hoto. Ya juyo da su tun teku ba ta dawo ba.

Ya zauna gindin bishiya ya ce, "Yaya, da hannuna."

Bi Mwanaisha ta fasa masa kwakwa. Ran nan ba ta tsokane shi ba.

Bai sake taka ruwan ba. Wanda ya tambaye shi lokacin da ya fi dacewa a ga murjani, sai ya ce, "Ɗana, ka makara." Da damina ciwon ƙirji ya kwantar da shi, bai tashi ba. Mu da muka ɗauki makararsa mun ji ba nauyi, bawan Allah ya daɗe da ƙarewa.

Takalman suna nan a reshen bishiyar, Bi Mwanaisha ta hana a taɓa. Karisa na ci gaba da shukarsa. Sai dai masunta sun ce masa yanzu ko can ciki sai an yi nisa kafin a ga tauraro.